Ciyawar Gindin Rumman

Yaran yanzu idan suka tsaya a rumfata ta Mabera, suka ga tukwane jere da barkono da na'ana'a da lemun tsami, sai ka ji ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa ai wannan ba wani abu ba ne, ƙasa ce da ruwa. Sun gani a waya. Wani ya huda bokiti, ya zuba ƙasa, ya jefa iri, kafin ka ƙifta ido tumatir ya nuna. Kallon kitse suke wa rogo. Wanda ya ɗauki hoton nan ba a Sakkwato yake ba, kuma ba da bazara ya ɗauka ba. Ni ba na musu da su, ce musu nake su dawo da azahar.

Haka marigayi Baba Nomau ya yi mini, mutumin da ya koya mini sana'ar nan bayan ya tsufa a aikin gadina, wato kula da lambu, a gidajen ma'aikata. Ranar da na fara zuwa wurinsa bai ba ni garwa ba, bai ba ni fartanya ba. Sai da rana ta take ya jawo ni gaban wata tukunya wadda ƙasarta take fili, ya ce in ɗora tafin hannuna. Na ɗora, na fizge babu shiri. Ya kai ni ga wata wadda ciyawa ta lulluɓe, ya ce in cusa yatsuna ƙarƙashin ganyen. Na ji sanyi da danshi. Ya ce, "Altine, abin da hannunka bai iya daurewa, saiwa ba ta iyawa." Na shekara a wurinsa ina tankaɗe taki ina ɗibar ruwa kafin ya yarda in taɓa wuƙar aski, wadda ake yanke reshe da ita.

Ga abin da ba ku sani ba. A gona, idan sama ta yi zafi saiwa nutsawa take ƙasa ta ɓuya. A tukunya ba ta da mafaka. Rana na dukanta ta sama, tana dukanta ta gefe, in an aje ta kan siminti kuma tana gasa ta ta ƙasa. Dole a rufe bakin ƙasar. Wasu suna zuba ɓuntun shinkafa ko busasshen kara, amma a garin nan wannan gayyatar gara ce, kuma kaji ba sa barinsa ya kwana. Shi ya sa mu muke rufewa da abu mai rai. A cikin su duka babu kamar fasa-ƙaba, ciyawar nan mai jan kara da ƙananan ganye masu kauri, wadda take rarrafe a kan ƙasa. Saiwarta ba ta nisa, ruwanta a ganyenta take ajewa, saboda haka ba ta ƙwace wa babban tsiro abincinsa. Inuwa kawai take yi masa a ƙafa.

Tukunya kamar gidan haya ce, sai ka san wa zai iya zama da wa. Ɗaɗɗoya tana zama lafiya da barkono da tumatir, ƙamshinta yana rage ƙwari. Albasa ana jera ta a baki-baki. Wake yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, amma in ka yi sakaci ya fara hawa sai ya shaƙe mai gidan. Na'ana'a kuwa muguwar maƙwabciya ce, ka ba ta kusurwa ta cinye ɗaki, don haka tukunyarta daban. Waɗannan duka ana koyonsu da asara, babu wanda ya taɓa koyonsu da kallo.

Wahalar sana'ar ba rana ba ce kaɗai, har da mutane. Duk mutumin garin nan, ko alƙali ne ko malamin jami'a, in ka tona ɗan manomi ne, kuma ga ɗan manomi ciyawa a gindin shuka abin kunya ce. Na kai wa mutum tukunya har gida, ya dube ta ya ce, "Malam Altine, da ciyawa kaka sayar min da ita?" Sai na tsaya na yi bayani. Wasu su yarda, wasu su jira in juya baya su tuge. Bayan kwana biyu a aiko mini cewa na ba da tsiro mai cuta. Wannan abu yana ci mini rai har yau, kuma ni mutum ne mai saurin fushi, ban ɓoye ba.

Aikin da ya fi kowane hana ni sukuni shi ne rumman ɗin Malam Haliru na Ƙofar Taramniya. Malam Haliru tsohon malami ne, gidansu gidan karatu ne tun kakanni. A tsakar gidan mahaifinsa akwai wani tsohon icen rumman kusa da rijiya, a ƙarƙashinsa aka fara biya masa allo. Da aka raba gado, ɓangaren da icen yake ya faɗa hannun wasu, suka ce shaguna za su gina. Ana gobe za a sare, Malam ya sa aka kira ni na yanko rassa. A cikinsu ɗaya ne kawai ya kama. Rabon Malam bai wuce ɗakuna da wata 'yar farfajiya mai daɓen siminti tsakanin zaure da cikin gida ba, babu inda za a haƙa. Sai na samo babbar randa wadda wuyanta ya tsage, na yanke ta rabi, na huda gindinta, na cika da ƙasar fadama da yashi da kashin awaki. A nan na dasa shi, na zagaye shi da fasa-ƙaba, na sa ɗaɗɗoya a gefe ɗaya.

Malam da kansa ya zaɓi inda za a aje randar, gab da dakalin da yake alwala. Ruwan da ya sauko daga hannunsa da fuskarsa da ƙafarsa duk a cikinta yake zuba, na kurkurar baki ne kawai yake zubarwa gefe. Da wannan ruwan icen ya rayu, ba wanda ya taɓa zuba masa garwa sai ni in na zo zagaye. Daga baya idanun Malam suka tafi. Ya zamana in ya gama alwala sai ya miƙa hannu ya shafa ganyen, daga nan ya tashi. Ya taɓa ce mini, "Altine, wanga icce shi kaɗai yar rage min daga gidan mahaihina. Amana na ba ka." Tun daga ranar, ko ina Mabera, in na ji iska mai zafi ta taso sai icen nan ya faɗo mini a rai.

Sai ga muguwar shekara. Azumi ya faɗo tsakiyar bazara, zafin da ko tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Famfo ya ɗauke. 'Yan garuwa sai ka bi su da roƙo kafin su kalle ka. A rumfata tukwane suna mutuwa ina kallo, na koma zaɓen wanda zan ba ruwa da wanda zan ƙyale. Zagayen da nake yi gidajen mutane ya tsaya mini na wasu kwanaki. Abin da yake kwantar mini da hankali game da rumman ɗin Malam shi ne na san yana da ruwan alwala, kuma ƙasarsa a rufe take. Har ya fara fitar da furanni a shekarar, jajaye, karo na farko.

Ranar da na samu na je, da azahar, ina shiga farfajiyar na tsaya cik. Randar tas, an share ta kamar tsakar ɗakin amarya. Babu fasa-ƙaba ko tsinke ɗaya. An bar ɗaɗɗoyar, ta langaɓe. An bi ƙasar da wuƙa an kafce ta, ƙananan saiwoyin sama duk sun fito fili sun bushe. Furannin suna zube a ƙasa, ganyen ya nannaɗe. 

Wani dattijo ya taso daga inuwar zaure yana murmushi. Arzika ne, manomi daga Kwalkwalawa. Mahaifinsa ya yi karatu a gidan, shi kuma duk shekara yana kawo wa Malam dami, in azumi ya zo ya kwana biyu yana sauraren karatu yana hidima. Ya ce, "Kai na mai kula da iccen Malam? Na ishe haki ya kai mai ga wuya. Mu can ƙauye ko raggo ba ya barin gonatai haka. Na gyara ma shi." Haki shi ne ciyawa a bakinmu na nan. Na tambaye shi ina wanda ya tuge, don fasa-ƙaba ko ta kwana a waje in ka mayar da ita tana kamawa. Ya ce ai ya ba tunkiyar gidan, ta cinye.

Na buɗe baki. Allah kaɗai ya san abin da zai fito. Sai na ji muryar Malam daga dakali, "Altine, zo nan." Na je na durƙusa, na ce Allah shi gafarta Malam. Ya rage murya ya ce, "Tun ranar da anka tuge shi na sani. Da in ruwa ya zuba, ganye nika ji. Yanzu ƙasa nika ji tana tsotsewa." Na ce to me ya hana a aiko mini. Ya ce, "In aika a ce mi? Mutum ya duƙa cikin rana da azumi ga bakinai don shi hwaranta min rai. Kada ka kunyata min baƙo." Daga baya mai ɗakin Malam ta aiko da yaro ya gaya mini cewa tun daga ranar Malam yake ta sabunta alwala ko ba ta karye ba. Ba zai ce a zuba wa icce ruwan da aka sha wahala kafin a samo wa mutanen gida ba, amma alwala ba wanda zai hana shi.

Aikin gama ya gama. Na jiƙa buhun algarara na naɗe randar, na kafa zana ta yamma inda rana ta fi duka, na rage rassan sama don kada icen ya ƙarar da ƙarfinsa. Arzika yana tsaye kaina, yana tambaya me ya samu icen, ai shi ya ga yana ta ƙara lalacewa tun da ya gyara. An hana ni magana, amma ba a hana ni abin da Baba Nomau ya yi mini ba. Na kama hannunsa na ɗora a kan ƙasar randar. Ya fizge. A bakin ƙofa akwai wani kasko na barkono da na kawo wa matan gidan, wanda bai lura da shi ba, fasa-ƙaba ta rufe shi ruf. Na cusa yatsunsa ƙarƙashin ganyen. Ya daɗe a duƙe bai ɗago ba. Da ya miƙe sai ya ɗauki hularsa ya fita.

Hankalina ya rabu biyu. Ga icce yana mutuwa, ga baƙon Malam na kora, abin da aka roƙe ni kada in yi. Fasa-ƙabar da nake da ita a Mabera kuma duk ta ƙanƙance, wadda zan iya tsinkowa ba za ta rufe rabin randar ba kafin rana ta ƙarasa aikinta. A bazara ba ka samunta da yawa sai a fadama, inda ake ban ruwa. Na yi buɗa-baki a ranar ban san abin da na ci ba.

Washegari da hantsi na koma da 'yar wadda na samu a leda. Ina isa ƙofar gida sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke Arzika, rungume da buhu, rigarsa duk taɓo. Ya kwance bakin buhun. Fasa-ƙaba ce shar, da ƙasarta da saiwarta, ya sassaro ta da fartanya daga gonarsa ta albasa. Ya ce, "Mutanen garinmu sun ce na taɓu. Kowa na kai ma Malam albasa, ni ina kai mai haki." Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba. Ya tsuguna gaban randar ya ce, "Tun ina yaro nika kashe wanga abu. Ban san yadda aka shibka shi ba. Gwada min." Na gwada masa. Shi ya dasa da hannunsa, yana danna kowace saiwa a hankali.

Ciyawar ta kama, ita ba ta da wuya. Icen ne ya ƙi. A sana'armu in kana son sanin ko reshe yana da rai, kankare ɓawon kake da farce, in ka ga kore akwai rai, in ka ga ruwan ƙasa ya tafi. Duk zuwan da zan yi sai na kankara, kuma duk zuwa koren yana ƙara sauka. Malam yana jin takuna zai ce, "Altine, ina rai yat tsaya?" In ce ga ƙirji. Wani zuwan in ce ga ƙugu. Aka yi Salla, ruwan sama shiru, gajimare ya haɗu ya watse. Na ce ga gwiwa. Na kai ga ina tsayawa a bakin zaure ina jin kamar in koma, don ban san amsar da zan tarar ba. Malam kuwa bai fasa ba, in ya gama alwala sai ya miƙa hannu ya shafa busasshen reshen. Ganin hannun nan ya fi komai tayar mini da hankali.

Ranar da na kankara har gindi na ga babu kore, na daɗe a tsugune. Ya yi tambayarsa. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ban ga komi ba." Ya ce haka Allah ya so. Ya ce in na samu sarari in zo in ɗauke randar, don hannunsa ya saba, kullum sai ya kai, kuma ba ya son abin da yake taɓawa. Na ce to. Na yi ta jan ƙafa, yau in ce baro ya lalace, gobe in ce ba ni da lafiya, har aka yi ruwan farko.

Da na ga ba makawa na turo baro na zo. Na tarar da Arzika a zaure, ya kawo irin geronsa a ɗan ƙunshi don Malam ya yi masa addu'a kafin shuka, kamar yadda suke yi duk shekara. Tun bayan azumi ya rage sakewa a gidan, in ya shigo kansa a ƙasa. Na ce ya kama mini. Fasa-ƙabar ta yi kauri har tana zubowa ta bakin randar, busasshen icen yana tsaye a tsakiya. Na riƙe gefe ɗaya, ya duƙa zai riƙe ɗayan, sai ya ce, "Dakata."

Na ce lafiya? Ya ce, "Wanga mi na?" Na duba inda yake nunawa da haɓa, ban ga komai ba sai jan kara da ganye. Ya ce, "Duk hakin da ke ƙasar Sakkwato na san shi, na san uwatai, na san ubanai. Wanga ba haki ba na." Ya mayar da hannayensa biyu baya ya harɗe su. Ni na buɗa ciyawar. A can ƙasa, jingine da mataccen gindin, wani ɗan toho ne bai kai tsawon yatsa ba, ja, mai siririn ganye mai sheƙi. Jansa ya saje da jan karan fasa-ƙaba, shi ya sa idona ya wuce shi. Rumman ne, daga saiwa ya fito, a cikin inuwa.

Na ƙara buɗa ciyawar na duba da kyau. Malam daga dakali ya ce, "Mi kunka gani?" Na ce masa akwai rai. Ya miƙo hannu, na matsa zan kama, sai ya ce, "Ba kai ba. Arzika, zo ka kai ni." Arzika ya ce, "Allah shi gafarta Malam, hannuna ba shi da kyau ga wanga icce." Malam ya ce, "Zo." Ya zo. Ya kama yatsun Malam, ya bi da su ta cikin ciyawar da shi ya dasa, har suka kai ga tohon. Malam ya taɓa shi da kan yatsa sau ɗaya, ya janye.

Rana ba ta ko karkata ba, da sauran lokaci mai yawa kafin azahar. Malam ya gyara zama a kan dakali, ya naɗe hannun rigarsa, ya ce a miƙo masa buta.